Idan dusar ƙanƙara ta ƙi zuba: yadda ƙananan wuraren wasan zamiya ke riƙe kansu

Duk wanda ya lura da masu gwanjon rigunan sanyi a Ƙofar Wambai ya san abin da ake kira sana'ar lokaci ɗaya. Tun watan Nuwamba ake kwance dila, an zuba jari, an biya kuɗin rumfa, sai a zauna jiran hunturu. In ya sauko da ƙarfi a Disamba da Janairu, kaya su ƙare. In ya yi nawa, ko ya zo da ƙura babu sanyi, suwaita ta kwana a hannu. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba akwai ƙauyukan da kowa a cikinsu irin wannan zaman jiran yake yi, daga mai masauki da mai abinci har direban bas, domin abincinsu yana rataye ne ga baƙin da ke zuwa wasan zamiya a kan dusar da ke rufe dutse. Mai gwanjo ma ya fi su sauƙi, domin shi zai ɗaure kayansa ya ajiye sai baɗi. Su kuwa ranar da ta wuce dutse ba dusa ta tafi ke nan da kuɗinta.

Ba manyan wurare masu suna nake nufi ba, waɗanda ke can ƙololuwar tsaunukan Alps na Turai da ɗaruruwan kilomita na hanyoyin zamiya. Ƙanana nake nufi: lilon ɗaukar mutane zuwa kan dutse uku ko biyar, hanyoyin zamiya goma, galibi mallakar ƙaramar hukuma ko wani gida, inda yaran gari ke fara koyo. Su ne ɗumamar yanayi ta fara taɓawa, kuma dalilin a fili yake. Duk hawan mita 100 zafi na raguwa da kamar kashi biyu cikin uku na digiri ɗaya. Shi ya sa Jos, da ke kan tsayin kusan mita 1,200, ta fi Kano sanyi. Wurin da ke mita 1,200 a Faransa da wanda ke mita 2,300 akwai tazarar digiri kamar bakwai tsakaninsu, kuma gajimaren da ya sauke wa na sama dusa, ruwan sama zai sauke wa na ƙasa.

Masana harkar suna da wani tsohon ma'auni da suke kira ƙa'idar kwana 100: wuri na iya riƙe kansa idan yana samun dusa mai kaurin santimita 30 ko fiye har kwana 100, tsakanin farkon Disamba da tsakiyar Afrilu, a shekara bakwai cikin goma. Ma'aunin yana da amfani, amma yana ɓoye wani abu. Kwanakin ba ɗaya suke ba. Makonni biyun Kirsimeti da sabuwar shekara, da hutun makarantu na Fabrairu, su ne azumin tela. Telan da kekensa ya lalace a goman ƙarshe, ba za ka rarrashe shi da cewa akwai ɗinki bayan salla ba. Haka wurin da ya buɗe kwana 90 amma ya rasa ƙarshen Disamba zai iya fin wanda ya buɗe kwana 60 masu kyau asara. Ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 haka ya zo wa Turai, ranar sabuwar shekara ta zo da ɗumin da ƙasashe da dama ba su taɓa auna irinsa a Janairu ba, aka ga ciyawa kore shar a inda ya kamata a ga fari.

Abin da ke karya ƙaramin wuri shi ne kashe kuɗinsa ba ya raguwa idan baƙi sun ragu. Inshora sai an biya. Bashin banki sai an biya. Lilon da ke ɗaukar mutane zuwa kan dutse, wato kujerun nan da ke rataye jikin igiyar ƙarfe, wuta kusan ɗaya yake ci ko mutum goma ya ɗauka ko ɗari biyar, kuma dole a sa ma'aikaci a ƙasa da a sama, ga masu ceto a kan hanya. Akwai kuma binciken lafiyar lilo. A Faransa doka ta ce a yi masa babban bincike, a kwance sassansa a duba tsagewar ƙarfe, bayan shekara 15 da kafa shi, a sake bayan shekara 10, daga nan kuma duk shekara 5. Wato yana tsufa bincike na ƙara matsowa. Ƙananan wurare kuwa tsofaffin lilo ne da su, na shekarun 1970 da 1980. Sau da yawa ba rashin dusar shekara ɗaya ke rufe wuri ba, haɗuwar shekarar ɗumi da shekarar babban bincike ce.

Makamin farko da kowa ke ɗauka shi ne dusar inji, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ake tsira, a nan kuma ake nitsewa cikin bashi.

Dusar inji ruwa ce da iska kawai. Ana tura ruwa da ƙarfin famfo ta cikin ƙananan bakunan feshi, ya fita kamar hazo, ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Injinan iri biyu ne. Akwai mai kama da ganga da babbar fanka a bayansa, yana jefa feshin nesa, yana yin dusa da yawa amma yana da tsada. Akwai kuma dogon sanda mai tsayin mita shida zuwa goma, wanda ke sakin feshin daga sama ya sauko a hankali, ba ya cin wuta sosai amma iska na kwashe masa aiki. A kowannensu akwai wasu 'yan bakuna na musamman da ke haɗa ruwa kaɗan da matsattsiyar iskar kwamfuresa. Iskar nan tana fita ta buɗe, ta yi sanyi nan take, ta haifar da ƙwayoyin ƙanƙara ƙanana. Su ne iri. Ɗigon ruwan da ya ci karo da su sai ya daskare a jikinsu. In babu irin nan, ruwa mai tsabta na iya sauka ƙasa da sifili bai daskare ba, ya faɗo ƙasa a ruwansa.

Sharaɗin sanyin kuwa mutumin Kano zai fi Bature saurin gane shi. Ruwan randa ya fi sanyi da hunturu fiye da damina, domin busasshiyar iska tana tsotse danshin da ke tsattsafowa jikin randar, tsotsewar nan kuma ita ke tafiya da zafi. Masu yin dusa ba zafin iska kaɗai suke dubawa ba, suna duba abin da ma'aunin zafi zai nuna in aka naɗe bakinsa da jiƙaƙƙen tsumma iska na bugunsa. Sai wannan ma'aunin ya kai kamar digiri 2 zuwa 2.5 ƙasa da sifili ake kunna inji. Shi ya sa a daren da iska ke digiri 1 sama da sifili amma danshinta kashi 30 ne cikin ɗari, dusa za ta yi. A daren da take digiri 1 ƙasa da sifili kuma hazo ya cika ta, ba za ta yi ba. Kuma a bakin iyakar nan inji yana cin wutarsa cikakkiya yana ba da dusa kaɗan. In sanyi ya kai 8 ko 10 ƙasa da sifili, injin guda da wuta guda sai ya ninka abin da yake fitarwa sau da yawa. Ɗumamar yanayi ba ta hana dare mai sanyi gaba ɗaya ba, rage yawansu ta yi, ta kuma tura su bakin iyaka, inda dusa ta fi tsada.

Bari mu yi lissafi a kan hanya ɗaya tak, mai tsawon kilomita 1 da faɗin mita 30. Hekta 3 ke nan. In za a shimfiɗa mata dusa mai kaurin santimita 30, ana bukatar kyubik mita 9,000. Lita 1,000 na ruwa tana ba da dusa kyubik mita 2 zuwa 2.5, don haka ruwan da ake nema ya kai kamar lita miliyan 4. Tankar mai ta lita 33,000 da muke gani a hanyar Zariya, sai an cika irinta kusan 120. In sanyin da aka samu na awa 72 ne kafin ɗumi ya dawo, dole famfo da bututu su iya tura kamar lita 15 duk daƙiƙa, sama kan dutse, ba tsayawa. A Turai ana yawan ƙiyasta kuɗin kyubik mita ɗaya na dusar inji a kan yuro 3 zuwa 5, in aka haɗa wuta da ruwa da ma'aikata da tsufan kayan aiki. Hanyar nan guda ta ci yuro 27,000 zuwa 45,000. A ɗauka tikitin yini yuro 30 ne: sai an sayar da 900 zuwa 1,500 kafin a mayar da kuɗin shimfiɗar farko. In aka yi ruwan sama mai ɗumi na kwana biyu, a sake sabon lale.

Kurakuran da ake yi sanannu ne. Ruwan da ya fito daga rijiya ko tafki da ɗumi yana ɓata aiki, shi ya sa ake ratsa shi ta hasumiyar sanyaya ruwa har ya sauko kusa da digiri 1 ko 2. In aka buɗe ruwa fiye da abin da sanyin daren zai iya daskarwa, dusa ta sauka jiƙe, da safe ta zama ƙanƙara mai santsi da ke karya ƙafa. Masu aikin dare sukan miƙa hannun riga cikin feshin: in ƙwayoyin suka yi tsalle suka faɗi, daidai ne, in suka manne suka jiƙa rigar, a rage ruwa. Tulin dusar da inji ya tara ba a baje shi nan take, ana barinsa yini ɗaya ko biyu ya tsane tukuna, sannan katafila mai baje dusa, irin su PistenBully da Prinoth, ta shimfiɗa shi. Wanda ya yi gaggawa ya taka shi da ruwansa ya mayar da shi dutse. Sannan in aka kashe inji ba a zuƙe ruwan cikin tiyo da bututu ba, ya daskare ya fasa su. Wani lokaci kuma sanyi kan kwanta a kwari, saman dutse ya fi ƙasa ɗumi, sai a ga injinan ƙasa na aiki na sama sun tsaya.

A ganina babban kuskure ba a cikin waɗannan yake ba, a wurin yanke shawara yake. Ƙaramin wuri ba zai iya rufe dukan dutsensa ba, kuma wanda ya gwada zai shimfiɗa dusa sirara ko'ina, rana ɗaya ta ɗumi ta cinye. Masu hankali sukan zaɓi hanya ɗaya daga sama zuwa ƙasa, wadda ba ta fuskantar rana, da filin koyon yara, su tara duk ruwansu da wutarsu a nan, su yi kauri. Filin yara ya fi komai muhimmanci, domin yaro ba ya zuwa shi kaɗai: ga kuɗin malami, ga hayar takalma da sanduna, ga abincin iyaye. Da bazara kuma ana kwashe duwatsu daga hanyar, a daidaita ta, a shuka ciyawa a yanke ta gajera. Hanyar da ke da ciyawa lallausa tana buɗewa da dusa kaɗan, mai duwatsu kuwa sai an ninka.

Dusar inji tana taimakawa, amma tana da iyaka. Wani bincike da mujallar Nature Climate Change ta buga a 2023 ya duba wurare 2,234 a ƙasashen Turai 28. Ya gano cewa in duniya ta ƙara ɗumi da digiri 2, kashi 53 cikin ɗari za su shiga babban haɗarin rashin dusa in babu inji, in kuma digiri 4 ne, kashi 98. In aka rufe rabin hanyoyi da dusar inji, adadin ya sauko zuwa kashi 27 da kashi 71. Italiya ta riga ta dogara da inji a kusan kashi 90 na hanyoyinta.

Akwai dabarar da mai sayar da ƙanƙarar bulo a Kano zai gane da kallo ɗaya, shi da ke lulluɓe hajarsa da buhu da garin katako kada ta narke kafin la'asar. A Davos ta ƙasar Suwizalan tun 2008 suke tara tulin dusa a tsakiyar sanyi, lokacin da yin ta ya fi araha, su rufe shi da garin katako mai kaurin kusan santimita 40, ya kwana bazara gaba ɗaya. Kamar kashi 70 zuwa 80 na tulin ke saura, su baje shi a ƙarshen Oktoba. Garin katakon yana tare zafin rana, kuma in ya sha ruwan sama yana bushewa yana sanyaya abin da ke ƙasansa, aikin randa dai. A Levi da Ruka ta ƙasar Finlan da manyan barguna masu hana zafi shiga suke rufewa. Amfanin dabarar ga ƙaramin wuri shi ne yana iya sa ranar buɗewa ya cika alkawari. Amma ba ta isa dutse guda, sai gajeriyar hanya.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne Amurkawa suka yi fice. Dabarar ita ce a karɓi kuɗi tun kafin a san yadda sanyi zai kasance. Bogus Basin, wani wuri kusa da birnin Boise a jihar Idaho, wanda ƙungiya ce ba ta neman riba ke riƙe da shi, a 1998 ya karya farashin tikitin shekara daga dala 500 zuwa 199. Masu saye suka tashi daga ƙasa da 3,000 zuwa kusan 25,000. Kuɗin ya shigo watanni kafin dusa, haɗarin shekara kuma ya rabu tsakanin wurin da dubban mutane. Manyan kamfanoni sun ɗauki dabarar suka faɗaɗa ta: Epic Pass a 2008, Ikon Pass a 2018, tikiti ɗaya mai shiga wurare da yawa, in nan ba dusa can akwai. Ƙanana suka ga za a kwashe musu mutane, sai Indy Pass ya fito a 2019, yana ba mai shi kwana biyu a kowane ƙaramin wuri mai zaman kansa da ke cikin tsarin, a raba kuɗin gwargwadon baƙin da kowa ya karɓa. Sai dai tikitin shekara amana ce. In aka karɓi kuɗin mutane shekara biyu a jere aka buɗe musu kwana 20, a ta uku ba za su saya ba, shi ya sa wasu ke alkawarin rangwame a baɗi in kwanakin ba su kai ba.

Wanda ya mallaki wurin ma yana da tasiri. Mad River Glen a jihar Vermont, tun 1995 masu wasan da kansu suka saye shi, kowa da hannun jarinsa, kuma kowane mai hannun jari wajibi ne ya kashe wani adadi a wurin duk shekara. Ba su jiran riba, burinsu dutsen ya ci gaba da buɗewa, saboda haka shekarar asara ba ta sa su gudu. A Turai kuwa ƙananan hukumomi ne ke cike giɓin daga harajin jama'a, kuma nan ne gardama take. Kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto a Fabrairun 2024 tana gargaɗin cewa tsarin da aka gina kan wasan zamiya kaɗai ya fara gajiya, kuma dogaro da dusar inji kariya ce ta ɗan lokaci.

Kowa na cewa a koma sana'ar bazara: keken hawan dutse, yawon ƙafa, bukukuwan aure, keken zamiya na kan dogo. Yana da kyau, yana riƙe ma'aikata, amma mai tafiya da ƙafa ba ya sayen tikitin lilo, kuma a yawancin wurare kuɗin bazara bai kama ƙafar na sanyi ba.

Wasu sun riga sun sauke. La Sambuy, kusa da tafkin Annecy a Faransa, ta rufe a 2023 bayan giɓinta ya kai kusan yuro 500,000 a shekara. A Oktoban 2024 mutanen garin Seyne-les-Alpes na Faransa suka kaɗa ƙuri'a, kashi 71 cikin ɗari suka yarda a rufe wurin wasansu na Grand Puy. A Jamus ma dutsen Jenner ya daina wasan a 2024. Rufewar ma ba kyauta ba ce, sai an biya kuɗin tuge turakun ƙarfe da igiyoyi, kuma bashin da aka ci bai san an rufe ba. A nahiyarmu, Oukaimeden da ke tsaunukan Atlas kusa da Marrakesh a Maroko yana fama da shekarun fari da ƙarancin dusa duk da tsayinsa ya haura mita 2,600, Afriski ta ƙasar Lesoto kuwa, mai buɗewa daga Yuni zuwa Agusta, da injin feshi take riƙe gajeriyar hanyarta.

Wurin da na fi ganin hikimarsa shi ne Métabief, a tsaunukan Jura na Faransa, wanda ƙololuwarsa ba ta kai mita 1,500 ba. Hukumar wurin ta sa aka yi mata hasashen yanayi, ta fito fili a 2020 ta ce wasan zamiya a dutsen zai ƙare tsakanin 2030 da 2035. Daidai ruwa daidai tsaki: sabon lilo shekaru 20 ko fiye ake biyan bashinsa, dusar da ta rage kuwa ba ta kai haka ba, sai suka fasa saye suka gyara tsofaffin don su kai su ƙarshen wa'adin. Hakan bai hana ciwo ba. Bayan sanyin 2023 zuwa 2024 ya zo da ɗumi, a Satumban 2024 suka rufe ɓangaren Piquemiette, kusan kashi 30 cikin ɗari na hanyoyinsu, masu shaguna da masaukai na wannan gefen suka fito suna kokawa, sauran dutsen kuma ya buɗe da sanyi ya dawo.